Baffa Sarkin Aska da Yaran da Aka Ɓoye

Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma. Baffa ya riga mu komawa ana tsakiyar yankan dawa. Yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina maraya, shi ya yi mini aure. Shi ne kuma Sarkin Askan garinmu, wani ƙauye a gefen Burumburum cikin ƙasar Tudun Wada. Daga nan har Ɗansoshiya da wuya ka shiga gidan da askarsa ba ta taɓa shiga ba.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Mutum zai shigo zaure ya durƙusa, ya yi mana gaisuwa, a shafa fatiha, can sai ka ga ya sa yatsa ya ja gefen bakinsa yana nuna giɓi, wai marigayi ne ya cire masa wannan yana yaro. Na kusa da shi ma sai ya buɗe nasa. Dattawa da furfurarsu, har da liman, suka dinga nuna wa juna dasashi, wasu suna murmushi hawaye na zuba. Wani tsohon Bafulatani ya tako tun daga rugarsu, ya ce shi bai iya dogon zance ba, ya zo ne kawai ya shaida cewa bai taɓa ganin hannu mai sauƙi irin na mutumin nan ba. A cikin gida kuwa Gwaggo, ƙanwarsa, kuka take tana yi masa faɗa, wai ya tafi ya bar ta ba abokin rigima. Matata ce kaɗai ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Ta daka gumba, ta ɗebo ruwa, ta karɓi baƙi, ta yi duk abin da ya kamaci suruka. Ban ga laifinta ba, kuma in kun ji dalili ku ma ba za ku gani ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, da ɗan rubutun da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, shi ne Baffa ya bar wa garin nan magana biyu a kan bakin yara. Ta farko ya ce a ɓoye su daga mutanen asibiti, ta biyu ya ce a kai su. Ta farkon a 'yan kwanaki ya faɗe ta, gari ya karɓa hannu bibbiyu. Ta biyun ya ƙarar da sauran rayuwarsa yana faɗa, ba wanda ya ɗauka. Ina tsoron ta biyun ta bi shi kabari, kuma yaranmu ne za su ɗanɗana.

Amma bari in fara nuna muku mutumin, kada ku san shi da kuskurensa kaɗai.

Dogo ne, siriri, kullum zabirarsa na rataye a kafaɗa, asawaki a baki. Shi ne wanzamin da na sani wanda ba ya cin goro. In kana yi masa magana ba idonka yake kallo ba, bakinka yake kallo, har ka tsargu ka rasa abin da kake faɗa. Ranar da na je masa da zancen aurena, ina jira ya tambaye ni asalinta da halin iyayenta, sai ya tambaye ni lafiyar haƙoranta. Na ce ban duba ba. Ya ce to me na tsaya kallo duk zuwan da nake yi zance?

Aski da kaciya da ƙaho duk yana yi, amma cire haƙori ne ya kai sunansa nesa. Yana da wani ɗan awartaki da wani maƙeri a Kiru ya ƙera masa, a hannun riga yake ɓoye shi. In an kawo yaro, uwar yake fara kora, don ya ce kukanta ya fi na yaron hana shi aiki. Sai ya zaunar da yaron tsakanin gwiwoyinsa ya ce, "Buɗe in gani kawai, ba zan taɓa ba." Duk garin an san ƙarya ce. Yaran ma sun sani, yayyensu sun gaya musu. Amma in ya faɗa da muryar nan tasa sai ka ga yaro ya hangame baki, kafin ya yi tunanin ihu haƙori na hannun Baffa. Daga nan a ba shi ruwan ɗumi da ɗan gishiri ya kurkure, a ja masa kunne ya rufe bakinsa kada ƙadangare ya ga giɓin, haƙori ya ƙi fitowa.

Rigimarsa da Gwaggo kan alewa ce. Lokacin da take zawarci a gidanmu alewa take yi tana sayarwa, yara kuwa sun gane ƙofar ɗakinta. Shi ya ce ita ke ruɓar da haƙoran yaran unguwa, ita ta ce ai aiki take samar masa, godiya ya kamata ya yi. Wata ranar kasuwa abin ya yi tsami, ya kifar mata da faifan alewa a tsakar gida. Ba ta ƙara ce masa ko sannu ba har Sallah, kuma ko a ranar Sallar sai da ta sa ya ci alewa a gaban kowa sannan ta haƙura. Ya ci yana yamutsa fuska. Daga baya ta auri wani dattijo ta koma can gindin duwatsu wajen Doguwa.

Akwai kuma wani kuturu da ke zama a bakin kasuwa, wanda ba wanzamin da ke yarda ya taɓa kansa. Baffa ya ware masa aska tasa daban. Duk Juma'a sai ya je ya durƙusa ya yi masa aski, suna hira, kamar yadda zai yi wa dagaci. Bai taɓa ba mu labarin ba. A bakin 'yan kasuwa na ji.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba shi. Yaron na cikin famfara, haƙoran gabansa na girgiɗi suna hana shi cin tuwo, sai Baffa ya tausaya ya cire masa su. Ba a jima ba ɗan saƙon hakimi ya zo neman yaran da za a sa a makarantar boko. Ba wanda ya san shekarun ɗansa a lissafe, don haka sai a jera yara a ƙofar dagaci, a buɗe bakinsu, duk mai giɓi a gaba an ce ya isa. Aka ga giɓin da ubansa ya yi masa da hannunsa, aka tafi da shi. Da zafi ya shigo sanƙarau ya ratsa garin da aka kai su. Kafin saƙo ya iso mana an riga an binne shi. Baffa bai yi kuka a gaban mutane ba, amma tun daga nan in baƙo ya kalli bakin yaro sai ka ga ya janye yaron daga gabansa.

Wadda ta dawo masa da dariya ita ce 'yata ta fari. Amarya yake kiranta, irin wasan kaka da jika. In ya dawo daga yawon aski tun daga zaure zai fara cigiyar amaryarsa, ita kuwa ta fito tana riƙe ƙugu ta ce ta fasa auren, ba ta son miji mai furfura, sai in ya zo da rake. Mutumin da ya kifar da alewar ƙanwarsa, shi ne ke saye wa jikarsa rake a ɓoye.

Shekarar da ƙyanda ta yi mana ɓarna ba na gari. Na tafi ci-rani haƙar kuza a Riruwai, don haka abin da zan faɗa daga bakinsa da na matata na ji shi. Ƙyandar ta kwashi yara, waɗanda suka tashi kuma wasunsu ta bar musu wani ciwo a baki. Dasashi ya yi baƙi, baki ya yi wari, haƙora su saki. Ciwon daji muke ce masa, don in ya ci dasashi ya ƙoshi sai ya faɗa wa kunci. Baffa ya yi iya yinsa. Yana cire haƙoran da suka saki, yana wanke bakin da ruwan bagaruwa. Wasu suka warke, wasu abin ya ci gaba. 'Yata na cikin waɗanda abin ya ci gaba.

Ana cikin haka dagaci ya sa aka yi shela cewa malamin asibiti na zuwa. Likitan da ke Kano yana so ya san yawan yaran da ake cire wa haƙori a kowace ƙasa, nawa a asibiti, nawa a gida, da yawan masu ciwon baki, don ya san inda zai tura motar asibiti. Mai shela ya faɗi wannan duka. Amma abin da ya shiga kunnen Baffa guda ne: a jera yara a ƙofar dagaci, a buɗe bakinsu.

Ya ɗauki sandarsa ya bi gari gida-gida. Abin da yake faɗa a kowane zaure bai da tsawo.

"Ni na taɓa jera nawa. Duk mai son ɗansa ya kau da shi. Yanzu har mata suke ɗauka."

Wa zai yi musu da Sarkin Aska a kan bakin yara? Kafin ranar zuwan malamin an watsa yara rugage da bukkokin gona, wasu ma a cikin rumbu aka zura su. Matata ta tsaya daga bayan ƙofa, da kunyar suruki da komai, ta roƙe shi ya bari malamin ya ga yarinyar ko sau ɗaya, tunda kuncinta ya fara kumbura. Ya ce ba zai bari a raba shi da wannan ma ba. Shi da kansa ya ɗora ta a jaki ya kai ta wajen Gwaggo a gindin duwatsu, inda ya tabbata ba ma'aikacin gwamnati mai gajeren wando da zai je.

Malamin ya zo a kan keke, saurayi ne mai ladabi. Ya tarar da jarirai da 'yan yara ƙalilan masu ƙoshin lafiya. Ya yi mamakin ƙarancin yara, aka ce masa ƙyanda ce. Sai ya nemi a haɗa shi da wanzamin gari. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban Baffa.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Aska, ko akwai yaran da bakinsu ya lalace bayan ƙyandar nan?"

"Babu. Yaranmu lafiya lau."

"Ko ɗaya, Baba? Ko wanda ka cire wa haƙori?"

"Ko ɗaya."

Malamin ya rubuta abin da aka gaya masa, ya yi godiya, ya hau kekensa. Ranar gari ya yi ta sa wa Baffa albarka, har wani ya kawo masa zakara. Shi ma ya gaya mini ya kwana da farin cikin ya tsare yaran garinsu.

Bayan wani lokaci ya tafi Kiru ranar kasuwa don maƙerinsa ya gyara masa awartaki. A can ya ga farar mota a gindin bishiya, mata sun yi layi da 'ya'yansu. Mutanen wajen sun fito da yaransu da malamin ya je, lissafinsu ya yi yawa, aka turo musu motar. A cikin taron ya hangi wani yaro da shi kansa ya taɓa dubawa ya fid da rai da shi, yana tsaye yana gaigayar rogo. Uwar ta gane Baffa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi labari da murnarta. An kai yaron asibiti a Kano, an cire ruɓaɓɓun haƙoran, an yi ta yi masa allura, aka dawo mata da abinta. Ya tambaye ta zancen boko. Ta ce wace boko, ba wanda ya ko ambata.

Awartakin nan har yau yana wajen maƙerin, bai koma ya karɓa ba. Daga kasuwar ya miƙe sai Doguwa. Ya tarar kuncin yarinyar ya yi baƙi ƙirin, Gwaggo ta rasa yadda za ta yi sai hayaƙi da tofi. Ya goya ta, tsoho da shi, ya fito bakin titi ya tare motar kaya zuwa Kano.

Sun ceci ranta, wannan ba zan ɓoye ba. Amma naman da ya mutu ya mutu, sai da likita ya yanke shi. Ta bakin tafinta ya gaya wa Baffa cewa da an kawo ta tun abin yana dasashi, da allura ta wadatar. Ta dawo gida da rami a kuncin hagu, ana hango haƙoranta ta waje, muƙamuƙinta ya sandare. In za ta sha kunu sai ta karkatar da kai.

Na dawo da ruwan farko ban san komai ba. Baffa ya tare ni a bayan gari, gindin ɗorawa, don kada in ji a bakin wani. Ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi a gabana ba, ya faɗa mini duka bai rage wa kansa komai ba. Na tsaya ina kallon mutumin da ya rene ni, na ji na tsane shi. Na daɗe ban iya cin abinci kwano ɗaya da shi ba. Daga baya na yafe masa, kuma da gaske na yafe, amma yafiyata ba ta toshe ramin ba. Matata kuwa gaisuwar safe ce kawai ta rage tsakaninta da shi har ya bar duniya.

Bai ƙara kiran yarinyar amarya ba. Kalmar ta ƙi fita daga bakinsa, don ya san ya hana yarinyar zama amaryar kowa. Ita kuwa ba ta san komai ba, ba ta daina zuwa tarar sa a zaure ba. Wata rana ina zaune ta tsaya a gabansa, gefen zanenta a kan kunci, ta ce da 'yar muryarta da ba ta fita sosai, "Kaka, sakina ka yi?" Ya tashi ya shiga ɗaki, muna jin shessheƙarsa daga tsakar gida.

Daga nan ya sake ɗaukar sandar. Zauren da ya shiga da maganar farko duk ya koma da ta biyu. Ya ce shi ne ya yi kuskure, ƙarya ya yi wa malamin, duk yaron da dasashinsa ya canza a garzaya da shi asibiti. To amma mutanen garinmu suna da ido, kuma abin da idonsu ya gani shi suka riƙe. Yarinya ta bar gari da kumburi kawai, ta dawo daga asibiti da rami. Ashe ke nan asibiti ne suka yanke mata fuska. Ya rantse, ya yi bayani, ya kira Gwaggo shaida, duk a banza. Suka ce baƙin ciki ne ya taɓa tsohon, Baffan da za a bi shi ne na da, mai hankalinsa. Suna yi masa shimfiɗa, su ba shi fura, su saurare shi da ladabi, in ya fita su girgiza kai.

Ya je wajen dagaci, dagaci ya tura shi wajen hakimi, ya roƙi a turo mana motar. Magatakarda ya ce masa lissafi ya nuna babu wannan ciwo a ƙasarmu, kuma da bakin Sarkin Aska aka rubuta. Mota guda ce, inda lissafi ya yi yawa can take zuwa, sai dai a jira wani zagayen. Har ya mutu ba a sake zagayowa ba. Kuma tunda ba mai kai ɗansa asibiti daga garinmu, duk shekara in aka ƙirga yaran da aka cire wa haƙori a can, ba a samun namu ko guda. A wajen mutanen Kano mu ne muka fi kowa lafiyar baki. Mu kuwa a nan mun san yawan ƙananan kaburburan da muka haƙa, ba wanda ya zo ya ƙirga su.

Ya daina cire haƙori gaba ɗaya, yana ganin in ya ƙi dole su tafi asibiti. Ba su tafi ba. Sai suka koma wajen masu yawo da ƙarfe a kasuwanni, ko su rufe yaro a ɗaki su yi shiru. A shekarunsa na ƙarshe na sha ganinsa zaune a bakin titi da wani yaro da ya samu ya lallashi uwarsa, yana jiran mota, sai uban ya biyo su ya karɓe ɗansa yana ba Baffa haƙuri. Ya dawo gida shi kaɗai yana jan ƙafa.

Ciwonsa bai daɗe ba. Da jikin ya yi nauyi ya riƙe hannuna, bai yi zancen gona ko gida ba. Cewa ya yi in ci gaba da gaya musu, wataƙila ni su ji, tunda ni ne uban yarinyar. Na ce to. Ban gaya masa na riga na gwada ba, sun ce mini biyayya ce nake yi wa wanda ya rene ni.

Bana ƙyanda ta dawo. Bayan an share makoki, ina zaune a zaure da hantsi, sai ga surukar maƙwabcinmu da ɗanta a goye. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta yi mini gaisuwa, sannan ta tambaya ko marigayi ya bar mini maganin da yake wanke baki da shi. Ta sauke yaron. Tun kafin in matsa warin ya iso mini, warin da matata ta ce har yau yana hancinta. Na duba. Abin yana dasashi, bai kai kunci ba.

Na ce ta tashi yanzu mu fita titi, ni zan raka ta har Kano, ni zan yi magana da mijinta. Na ce Baffa da bakinsa ya bar wannan wasiyya. Ta saurare ni har na gama, idonta yana kan 'yata da ke shara a tsakar gida, mayafi naɗe a fuska. Sai ta ɗauki ɗanta ta mayar baya, ta ɗaure zani tamau.

"Malam, ai mu maganarsa muka riƙe. Shi ya ce duk mai son ɗansa ya kau da shi." Ta gyara goyon, ta ɗaga hannu. "Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da tsare mana 'ya'ya da ya yi."

Addu'a ta yi masa, ba yadda zan yi. Na ce amin, ina kallo ta fita da yaron.